Labarin da Tsohon Soja Yake Ba 'Ya'yansa, da Wanda Yake Riƙewa a Ciki

Duk wanda ya tashi a gidan tsohon soja a unguwannin Legas irin su Obalende ko Agege ko Idi-Araba, ko kuma ya yi ƙuruciyarsa a barikin Ikeja ko na Ojo, ya san cewa maganar da ake yi wai 'yan mazan jiya ba sa ba da labarin yaƙi ba ta cika daidai ba. Suna bayarwa, har sukan maimaita labari ɗaya sai yara sun haddace shi. Ana jin yadda aka yi wa kurata ƙwal-kwabo a daffo ta Zariya, da irin horon da Samanja ya ba su, da tafiyar dare cikin ruwan sama, da ranar da yunwa ta sa aka ci ɗanyen rogo, sannan ga sunayen garuruwa a jere kamar karatu: Nsukka, Inugu, Asaba, Anacha, Owerri, Fatakwal. Abin da ba a ji shi ne abin da ya auku tsakanin shigarsu garin da fitarsu. Da zarar labari ya kawo nan, sai Baba ya ce, "Allah dai kada ya maimaita mana," ya ɗauki butarsa, hira ta tashi. A wannan gurbi ne nauyin al'amarin yake, kuma yadda iyali suka yi da shi yakan bi 'ya'ya har girmansu.

Legas tana da alaƙa da wannan batu fiye da yadda mazaunanta da yawa suka sani. A nan ne, a shekarar 1863, Baturen mulkin mallaka John Glover ya haɗa 'yar rundunar Hausawa wadda daga cikinta sojan Najeriya ya samo asali, kuma Obalende ta zama matsugunin sojoji da iyalansu tun zamanin Turawa. Sunayen barikokin birnin, irin su Dodan da Arakan da Myhoung da Tamandu, daga fagagen daga na ƙasar Burma aka ɗauko su, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Asibitin ƙashi na Igbobi ya faro ne a matsayin wurin jinyar sojojin da suka ji rauni a wancan yaƙi. A barikin Dodan aka karɓi miƙa wuyan Biyafara ranar 15 ga Janairun 1970, a Oshodi kuma akwai cibiyar da ake koya wa sojoji sana'a kafin a sallame su. Kafin yaƙin basasa sojan ƙasar nan bai wuce kimanin mutum dubu 10 ba, amma da aka gama ya kai wajen dubu 250, kuma da aka shiga rage yawan nan, da dama daga cikin waɗanda aka sallama ba su koma garuruwansu ba. Sun zauna a Ikko, wani ya kama gadi a Ikoyi ko Apapa, wani tuƙi, wani ɗan tireda, suka yi aure suka hayayyafa. Ya kamata a tuna cewa ba dukkansu ne Hausawa ba. Akwai Tibi da Angas da Tarok da Bachama da mutanen Zuru da na kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, waɗanda Hausa ta haɗa su domin ita ce harshen bariki.

Sojojin da suka je Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawansu sun tafi da labarinsu. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75. Bayansu akwai waɗanda suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo a ƙarƙashin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sai kuma samarin da suka yi shekaru a dajin Sambisa da gaɓar Tafkin Chadi. Yaƙe-yaƙen sun bambanta, amma yadda ake tauna labari kafin a ba iyali kusan iri ɗaya ne.

Dalilin da ya fi fitowa fili shi ne kunya. A gidan Bahaushe uba ba abokin hirar ɗansa ba ne, musamman ɗan fari, wanda wani uban ko sunansa ba ya kamawa. Mutumin da al'ada ta hana shi yin dariya da yawa a gaban ɗansa, ta yaya zai zaunar da shi ya ce masa ranar kaza tsoro ya kama ni har na kasa riƙe bindiga? Aikin soja ya zo ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin tun daga daffo ake koya wa kurtu cewa ƙorafi rauni ne, kuma abin da aka gani a bakin aiki ba a kai shi gida. Akwai kuma tausayi na gaskiya, wanda bai kamata a raina shi ba. Uban da ya ga gawar yaro a bakin hanya, ya dawo ya tarar da nasa yaron mai irin wannan shekaru, yana da hujja idan ya ga cewa kare shi daga wannan hoto yana cikin haƙƙin da ke wuyansa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma tsofaffin sojoji da yawa da wannan magana suke rufe baki.

Sai dai ina ganin waɗannan dalilai ba su kai ga tushen abin ba. Idan aka lura da kyau, tsohon soja yakan iya faɗin abin da aka yi masa. Zai nuna tabon harsashi a cinyarsa, zai ba da labarin nakiyar ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera, wanda ya tsira daga kwanton ɓaunar Abagana na ƙarshen watan Maris na 1968, inda aka ƙone ayarin motocin runduna ta biyu ta sojan tarayya kusan ɗari, yakan iya kwatanta wutar da ya gani. Wanda ya ga abokansa sun nutse a Kogin Kwara lokacin da aka yi ta yunƙurin tsallakawa zuwa Anacha a watan Oktoban 1967 zai yi magana, ko da murya tana rawa. Inda harshe yake ɗaurewa shi ne abin da shi kansa ya aikata, ko aka aikata a gabansa bai iya hanawa ba. A cikin wannan watan na Oktoba sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza da samari fararen hula a Asaba. Toshe hanyoyin abinci ya jawo yunwar da ta hallaka ƙananan yara masu ɗimbin yawa, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu a yaƙin baki ɗaya ya haura miliyan ɗaya, akasarinsu ba masu ɗauke da makami ba. Farabitin da aka ba umarni ba shi ya tsara yaƙin ba, amma shi ne ya tsaya a wurin, kuma fuskokin a idonsa suka zauna. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Jonathan Shay, wanda ya daɗe yana jinyar sojojin da suka dawo daga Biyetnam, ya bambanta raunin da tsoro yake haifarwa da raunin da yake samun mutum idan aka keta abin da ya yi imani cewa shi ne daidai, ko da hannunsa ko da umarnin na gaba da shi. Wannan na biyun shi ne yake raba uba da ɗa, domin abin da uban yake gudu shi ne ɗansa ya dube shi da wani ido dabam.

Ga wasu kuma, matsalar ta wuce ta niyya. Tun 1980 likitoci suka sanya ciwon firgicin da ke bin mummunan tashin hankali a cikin jerin cututtukan da aka amince da su, bayan an shafe shekaru ana kiransa da sunaye dabam-dabam tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mai wannan ciwo ba ya tuna abin da ya faru a matsayin abin da ya wuce. Wari ko ƙara ko wata kalma sukan dawo masa da shi kamar yanzu ake yi, zuciya ta buga, gumi ya karyo, jiki ya ɗauki shirin faɗa. Saboda haka yake kauce wa duk abin da zai tuna masa, ciki har da tambayar ɗansa. A Legas, inda yara suke ta fasa nokawut daga farkon Disamba har sabuwar shekara, akwai gidajen da kowa ya san cewa a wannan wata Baba ba ya barci, kuma ba a yi masa motsi ta baya.

Nan ne ake gane cewa shirun uba ba ya hana 'ya'ya gādo. Yaron da ba a faɗa masa komai ba ya ji ihun dare, ya ga mahaifinsa ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, ya sha duka a kan laifin da bai kai ya kawo ba, ko kuma ya ga uban da ke zaune a gida amma hankalinsa yana wani wuri. Wasu iyayen sun nemi barci a kwalba ko a ƙwaya, kasuwar mami ta cikin bariki kuwa ba ta da nisa. Yaro ba shi da bayanin da zai ɗora waɗannan abubuwa a kai, don haka sai ya ɗora su a kan kansa, ya ɗauka cewa shi ne ba a so. Tun cikin shekarun 1960 likitoci suka fara lura da irin wannan a tsakanin 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi, daga baya aka ga makamancinsa a iyalan sojojin Biyetnam. A gidajenmu, wadda ta fi kowa ɗaukar wannan kaya ita ce uwa. Ita ce take tashinsa idan mafarki ya danne shi, ita ta san sunan abokin da yake kira cikin barci, ita take ce wa yara, "Ku bar babanku ya huta." Sau da yawa abin da 'ya'ya suka sani game da yaƙin mahaifinsu daga bakinta suka ji, guntu-guntu, bayan ta tace. Ba a rubuta sunan waɗannan mata a kowace takardar fansho a matsayin masu jinya ba, alhali kuwa aikin da suka yi ke nan shekara da shekaru.

Zaman Legas ya ƙara wa al'amarin wasu sarƙaƙiya da babu su a Kano ko Zariya. A gidan haya mai ɗakuna a jere, inda maƙwabci yake jin tarinka, babu zaure kuma babu wurin da uba zai keɓe da ɗansa. Akwai kuma batun harshe. Yaron da aka haifa a Mushin ko Ijora yakan fi sakewa da Yarabanci da Turancin buroka, Hausarsa ta aike ce da gaisuwa, mahaifinsa kuwa da Hausa ko da yaren garinsu kaɗai yake iya faɗin abin da ya taɓa zuciyarsa. Amma abin da ya fi waɗannan girma shi ne cewa a nan ɗan sojan tarayya yana zama a benci ɗaya da jikan wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Biyafara, suna ciniki tare a kasuwannin Alaba da Ladipo da Mile 12. A gidajen Ibo da yawa an ba da labarin yaƙin dalla-dalla: kashe-kashen da aka yi wa 'yan'uwansu a garuruwan Arewa a 1966, da gudun hijira, da ciwon yunwa, da fam 20 da aka ba masu ajiya a banki bayan yaƙi. Ɗan tsohon soja kuwa abin da ya ji bai wuce kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ba, sai kuma cewa an yi yaƙi don haɗa kan ƙasa. Makaranta ba ta cike masa gurbin ba, domin an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a dawo da shi. Saboda haka yakan fara cin karo da labarin Asaba ne a Facebook ko TikTok, musamman idan 30 ga Mayu, ranar tunawa da Biyafara, ta zagayo, cikin zagi da gori. Daga nan ko dai ya ƙaryata komai don kare mutuncin mahaifinsa, ko kuma ya koma gida da zargin da ba zai iya furtawa ba. Dukkan biyun ba su da amfani ga zaman tare a birnin da ya sha ganin yadda ƙaramin saɓani yake rikiɗewa ya zama faɗan ƙabilanci.

Duk da haka labarin yana da ƙofofin da yake fita. Jikoki sun fi 'ya'ya sa'a, domin wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ɗauke kunyar da ke tsakanin uba da ɗa, kuma jika yana iya tambayar abin da mahaifinsa ba zai taɓa iyawa ba. 'Ya'ya mata, musamman waɗanda suka yi jinyar uba a ƙarshen rayuwarsa, sukan ji abin da yayyensu maza ba su ji ba. Wani lokaci hoto ne mai kaki, ko lambar yabo, ko takardar sallama da aka ciro daga ƙasan akwati ake buɗe magana da su. Sannan akwai ranar da ɗa ya raka mahaifinsa wurin tantance 'yan fansho ko taron ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya zauna a gefe, ya ji Baba yana magana da wani Kofur ko Saje da wata irin murya da bai taɓa ji ba. A tsakaninsu ba sa buƙatar dogon bayani, sunan gari ɗaya ya isa.

Akwai masu kafa hujja da addini cewa shirun shi ne daidai, tunda hadisi ya yi hani ga mutum ya kwana Allah ya rufa masa asiri, ya wayi gari yana tona kansa. Hanin gaskiya ne, kuma yana kan mai bayyana saɓo don alfahari ko rashin damuwa. Amma tarihin Sahabbai ya nuna wata fuska. Usama ɗan Zaidu ya kashe wani mutum a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada, Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa tambaya a kan haka har Usama ya yi fatan a ce sai a ranar ya musulunta. Usama da kansa ne ya ruwaito wannan labari, kuma saboda ya ruwaito shi ne al'umma ta ɗauki darasi a kan alfarmar jini. Wahshi ma, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya ba da labarin da bakinsa ga waɗanda suka je suka tambaye shi bayan shekaru masu yawa. Wannan ya nuna cewa faɗin abin da hannu ya aikata cikin nadama, don na baya su kiyaye, yana da gurbi a addini. Na yi imani cewa malamai da limaman coci na barikoki da unguwanninmu za su sauke wa dattawa da yawa nauyi idan suka fayyace musu wannan bambanci.

Ba ina cewa a tilasta wa kowa ba ne. Matsa wa mai ciwon firgici ya kwashe komai a zama ɗaya yana iya dawo masa da ciwon sabo, kuma akwai uban da ya wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, yana zuba wa yaro ɗan shekara bakwai bayanin gawawwaki, ko yana mayar da kisa abin kirari. Wannan ma cutarwa ce. Ƙaramin yaro abin da yake buƙata kaɗan ne: ya san cewa Baba ya je yaƙi, ya ga abubuwa masu ciwo, kuma fushinsa da rashin barcinsa ba laifin yaron ba ne. Wannan jimla ɗaya tana iya canza yadda mutum zai fahimci ƙuruciyarsa gaba ɗaya. Saurayi ko budurwa kuwa sun isa a faɗa musu cewa a yaƙin an yi zalunci a kowane ɓangare, har da ɓangaren da mahaifinsu ya tsaya. Nauyin buɗe ƙofar, a ganina, ya fi karkata ga 'ya'yan da suka girma. Tambayar "Baba, mutum nawa ka kashe?" rufe baki take yi. Tambaya a kan wanda ya fi kusa da shi a rundunarsu, ko wasiƙar farko da ya aika gida, ko yadda ya ji ranar da aka ce an gama, ita take ba dattijo damar ya tafi da ƙafarsa har inda zai iya, ya tsaya, wata rana ya ci gaba. Idan ya yi kuka, kada a yi saurin cewa "a yi haƙuri, ya wuce," domin sau da yawa wannan lallashi yana nufin mai sauraro ne ya gaji.

Ƙasa ma tana da nata kason. Furucin Janar Yakubu Gowon na cewa babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka cinye ya hana ramuwar gayya, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma an ɗauke shi kamar umarni ne na a daina magana. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi faretin tunawa da 'yan mazan jiya, janar-janar kuma da dama sun rubuta tarihinsu, amma muryar farabiti da Kofur, waɗanda su ne suka kwana a rami, ba ta shiga ko'ina ba. Misalin Isaac Fadoyebo ya isa a yi tunani a kai. Ya shiga soja yana matashi, aka harbe shi a bakin Kogin Kaladan na Burma a 1944, wani manomi Musulmi ya ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni har aka cece su. Ya yi mafi yawan sauran rayuwarsa a Legas, ya rasu a 2012, kuma an san labarinsa ne kawai domin ya zauna ya rubuta, daga baya wani ɗan jarida daga Ingila ya neme shi. Dubban takwarorinsa 'yan Arewa ba su yi boko ba, babu kuma wanda ya je musu da rikoda. Yau kowane gida akwai waya mai ɗaukar murya, abin da ya rage shi ne a nemi izinin dattijo, a kuma bar masa ikon cewa wane ɓangare za a ji yanzu, wane ne sai bayan ransa.

Waɗanda suka fi damuna su ne na yanzu. Sojan da ya dawo daga Baga ko Metele ko Marte yana da 'ya'ya 'yan firamare, kuma, saɓanin na kakanninsu, yaƙinsa yana yawo a waya cikin bidiyon da yaran za su iya gani kafin ya buɗe baki. A Yaba akwai asibitin sojoji da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, an kuma sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma a bakin mutanen Legas sunan Yaba kansa ya zama abin gori, kuma soja mai ci yana tsoron kada zuwa wurin likita ya shiga fayil ɗinsa ya tare masa ƙarin girma. Kwas ɗin da ake yi a Oshodi kafin sallama ya fi mayar da hankali ga sana'a da noma da kasuwanci. Ya dace a ce a cikin waɗannan watanni ana gayyatar matan sojojin da manyan 'ya'yansu su zauna da likita da malami, a yi musu bayanin alamomin ciwon, a nuna wa uban yadda zai yi magana da ɗan shekara shida da kuma ɗan shekara goma sha shida, tun kafin a ba shi takardarsa ya koma ɗakin haya a Agege.